Tattalin Adireshin Intanet na Fili a Tsarin Rumbun Gajimare na Kashin Kai: Misali daga Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Duk na'urar da za a iya samu kai-tsaye daga ko'ina a intanet tana buƙatar lamba tata ita kaɗai, wadda ake kira adireshin IP. Tsarin IPv4 da aka fitar a 1981, wanda har yau ake amfani da shi sosai, adireshi 4,294,967,296 kawai yake iya samarwa. Hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke hannunta ranar 3 ga Fabrairu, 2011. AFRINIC, mai hedikwata a Moris, wadda ke raba wa Afirka, ta fara tsuke hannu a 2017, sannan daga Janairun 2020 ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a lokaci ɗaya. Abin da a da ake rabawa da mudu ya koma na awon cokali, har kamfanin Amazon ya fara cajin dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshi daga Fabrairun 2024, wato kusan dala 44 a shekara.

Batun ba baƙo ba ne ga Jigawa, jihar da ta zuba jari a kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya, kuma irin waɗannan cibiyoyi ne Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa nauyin tsare sirrin mutane. Ɗaya daga cikin hanyoyin sauke wannan nauyi ita ce rumbun gajimare na kashin kai, wato tarin manyan kwamfutoci mallakar cibiya, da ake tsaga su zuwa ƙananan kwamfutoci na manhaja gwargwadon buƙata.

Zaure da cikin gida

Akan fassara rukunan adireshi biyu da "na jama'a" da "na sirri". Fassarar tana da rauni, domin na farkon ba mallakar jama'a ba ne, na biyun kuma ba ya ɓoye komai da kansa. Wannan maƙala ta zaɓi "adireshin fili" da "adireshin cikin gida", saboda tsarin gidan Bahaushe ya fi kama ma'anar: ɗakuna da yawa a ciki, zaure ɗaya mai duban titi. Tun 1994 aka keɓe rukunai uku domin amfanin cikin gida, mafi girmansu shi ne mai farawa da lamba 10, mai ɗauke da adireshi 16,777,216. Kowa na iya amfani da su kyauta, sai dai ba sa fita titi sai ta zaure.

Inda ake asara

A ƙaddara wata cibiya a Birnin Kudu ta samu adireshin fili 256, mafi ƙarancin abin da AFRINIC ke bayarwa. Tsohuwar al'ada ita ce a yanka wa kowane sashe rabonsa, misali takwas-takwas, har kashi 32. Amma a kowane kashi, adireshin farko yana tafiya wajen sanya wa kashin suna, na ƙarshe wajen shela ga dukkan na'urorin da ke ciki, ɗaya kuma na na'urar bakin ƙofa. Uku sun tafi, biyar suka rage. A jimlace an rasa 96 kafin a kunna kwamfuta ko ɗaya. Sashen da ke buƙatar biyu kuma zai zauna a kan biyar, maƙwabcinsa mai buƙatar shida yana nema.

Gyaran farko shi ne a daina yanka. A bar adireshin fili a tukunya ɗaya, kowace kwamfuta ta rumbun ta ɗauki na cikin gida, sai wadda ta cancanta a liƙa mata na fili guda, a karɓe idan aikinta ya ƙare. Manhajar OpenStack tana da wannan tsari, wanda za a iya kira adireshi mai yawo.

Na biyu ya shafi masu fita. Kwamfutar da aikinta sabunta manhaja ko aika rahoto ba ta buƙatar a san ɗakinta. Dabarar NAT tana sauya adireshin cikin gida da na zaure yayin fita, tana bambanta kowace hira da lambar taga, kuma kowane adireshi yana da tagogi 65,536. Ɗaruruwan na'urori kan wadatu da adireshi ɗaya ko biyu.

Masu shigowa kuwa, ana ajiye musu ɗan iso: kwamfuta guda a zaure da ke karanta sunan shafin da baƙo ya nema, ta miƙa shi ga ɗakin da ya dace. Shafin rajistar ɗalibai da na sakamakon gwaji da na ɗakin karatu duk sai su zauna a bayan adireshi ɗaya.

Reshen Gwaram

Nan ne tsarin ke gamuwa da yanayin ƙasa. Ƙaramin asibiti a Gwaram da ke shiga intanet ta layin wayar salula galibi ba shi da adireshin fili, domin kamfanonin waya su ma suna tara dubban masu hulɗa a bayan zaure ɗaya. An ma keɓe musu rukunin da ya fara da 100.64 tun 2012. Saboda haka Birnin Kudu ba za ta iya kiran Gwaram ba. Gwaram ce za ta fara kira, ta buɗe rufaffen bututu da manhaja irin su WireGuard zuwa adireshi ɗaya tak a rumbun, bayanan marasa lafiya su bi ta ciki da adireshin cikin gida. Ko rassa hamsin ne, adireshin fili ɗaya ya ishe su.

Tarkon da ke nan shi ne yawancin ƙananan na'urorin rarraba intanet suna fitowa daga kanti da lambobi masu farawa da 192.168. Idan rassa biyu suka zo da lamba iri ɗaya, saƙon wannan na iya faɗawa hannun wancan ko ya ɓace. Dole a tsara rabon tun a takarda, misali 10.1 ga Birnin Kudu, 10.2 ga Gwaram.

Tattalin yana da farashi. Zaure ɗaya idan ya rushe, gida duka ya rufe, don haka ana buƙatar na'ura ta biyu da wutar da ba ta dogara da layi ɗaya ba. Haka kuma, idan aka aikata ɓarna daga adireshin da mutum ɗari ke amfani da shi, ba a gane mai laifi sai an adana rajistar wanda ya fita ta kowace taga da lokacinsa.

Mafita ta dindindin ita ce IPv6, wanda rabon cibiya guda a cikinsa kan ƙunshi ƙananan rukunai 65,536. Sai dai ba ya magana da IPv4 kai-tsaye, don haka rumbun da za a gina yanzu ya kamata ya ɗauki duka biyun, kuma a rubuta sharaɗin IPv6 a takardar kwangilar kowane kamfanin da zai ja layi zuwa Birnin Kudu ko Gwaram.