Nana Asma'u da Ruwan Bakolori

Manomin rani a Maradun ko Talata Mafara ko Bakura ba ya murna don kawai an ce masa madatsar Bakolori ta cika. Tun da aka kammala ta a 1978 bisa gulbin Sakkwato ruwa ke taruwa a cikinta, amma mai gona a ƙarshen layi tambayarsa ɗaya ce: an sako ruwa? Kanal ya kawo? In bai iso gindin shinkafarsa ba, cikar dam ba ta ƙare shi da komai ba.

Haka arziki da ilimi suke a hannun uwa. Mata da yawa Allah ya ba su, amma waɗanda ake tunawa bayan ransu su ne waɗanda suka yi wa abin hanya har ya kai ga na nesa. A ƙasar nan babu misalin da ya kai Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864.

Ta tara abin da mace ke nema a zamaninta. 'Yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mahaifiyar Waziri Abdulƙadir. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga dama sai ta zauna cikin gida a riƙa zuwa gaisuwa. Sai ta dubi matan karkara da yaƙe-yaƙe suka bari da takaba da marayu da ƙarancin karatu, ta kafa 'Yan Taru.

A kowane ƙauye takan zaɓi dattijuwa mai amana, ta naɗa ta Jaji, ta aza mata malfa da jan rawani. Jaji ce ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa Sakkwato, su koyi tsarki da salla da zaman aure cikin waƙoƙin da ke da sauƙin hadda, su koma su koyar da matan aure da ke cikin kulle. Jajin nan su ne kanal ɗinta, su suka kai ruwan gonakin da ita ba ta taɓa takawa ba. Abin da suka riƙo mata na zuma da hatsi da man shanu kuwa ba ya daɗewa a ɗakinta, ga mabukata yake tafiya. Ko a marsiyyoyinta ba ta tsaya ga sarakuna ba, ta yi wa maƙwabciyarta Halima tata.

Manomi ya san kanal na cikewa da yashi da ciyawa in ba a yashe shi ba. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryam ta ɗauki aikin, shi ya sa bai tsaya ba. A nan muke da gyara. A kowace unguwa tamu akwai irin wannan uwa: wadda tukunyarta ba ta sauka sai almajiri ya samu, wadda ke kwana gidan mai naƙuda, ta kwashi adashinta ta yi wa marainiya kayan ɗaki, ta sasanta kishiyoyi ba wanda ya ji. Ranar da ta cika sai gida ya cika maƙil, kowa na faɗin alherinta. Ana watsewa daga sadakar bakwai, almajirin nan ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

'Ya'ya da jikoki, addu'a haƙƙinta ce a kanku, amma ku zauna ku lissafa mutanen da take ci da su, kowa ya ɗauki ɗaya ya riƙe. Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenmu mata, ya sa Aljanna ce makomarsu.