3.4 Hanyar Gano Dalilin Mutuwar Manhajar virt-manager a Lokacin Tashi

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, ana iya raba kwamfuta guda ta zama tamkar kwamfutoci da yawa, kowace da nata tsarin aiki. Su ne wannan nazari ya kira kwamfutocin kwaikwayo. Manhajar virt-manager, wadda kamfanin Red Hat ya fara fitarwa a shekarar 2006 cikin harshen Python, da ita ake kunna su, a kashe su, a duba lafiyarsu. Amfanin wannan tsari a fili yake a wuri kamar Garki, inda ba kowace cibiyar koyar da kwamfuta ce za ta iya sayen injuna goma ba, balle ta sha ɗawainiyar man janareta. Saboda haka idan aka taɓa rubutun manhajar, ta ƙi tashi ranar jarrabawa, ɗalibai ne za su kwana ciki.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, virt-manager taga ce kawai. Tana miƙa umarni ga libvirt, shi kuma ya sarrafa QEMU da KVM, waɗanda su ne ainihin masu gudanar da kwamfutocin. Wato mutuwarta ba ta taɓa su. Ana tabbatar da haka da umarnin virsh list. Wanda bai san wannan ba yakan yi gaggawar kashe babban injin, ya jawo asarar aikin da babu abin da ya same shi.

Daga nan sai a tayar da manhajar da umarnin virt-manager --debug, domin ta riƙa rubuta duk abin da take yi har zuwa inda ta tsaya. Rahoton kuskure na Python daga ƙasa ake karanta shi, domin layin ƙarshe ne yake faɗin irin kuskuren, na samansa kuma su nuna fayil da lambar layi. Sai dai inda manhaja ta faɗi ba lalle ne nan aka yi ɓarnar ba.

A nan ne git bisect yake da muhimmanci. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yana adana kowane gyara da aka yi bi da bi. Mai bincike zai nuna masa zubin da ya san lafiyarsa lau, da wanda yake mutuwa, shi kuma ya ciro na tsakiya a gwada. Misalinsa kamar mai neman inda wayar lantarki ta tsinke ne tsakanin Ringim da Garki: idan ya auna a tsakiyar hanya, ya huta da duba rabi guda. Da haka gyare-gyare 64 gwaji 6 suke bukata, guda 1,000 kuwa ba sa wuce 10.

Duk da haka, wannan dabara tana da iyaka. Tana aiki ne idan laifin yana cikin rubutun. A shekarar 2018 zubi na 2.0 na virt-manager ya koma Python 3 gaba ɗaya, don haka injin da ba a girka masa kayan haɗin libvirt da GTK na Python 3 ba, manhajar za ta mutu a kansa tun kafin taga ta buɗe, alhali rubutun ba shi da aibi. A irin wannan hali gyaran da git bisect zai nuna ba shi za a warware ba; kayan da suka rage za a girka.