YADDA INGILA TA CETO DARASIN TARIHI DAGA HAMMA

A shekarar 1968 hankalin malaman tarihi na ƙasar Ingila ya tashi ƙwarai. Wani bincike da hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasar ta sa aka yi a tsakanin yara masu barin makaranta da shekara 15 ya nuna cewa tarihi yana cikin darussan da suka fi gundurarsu, kuma suna ganin ba shi da wani amfani a gare su. A cikin wannan shekara ce wata malama mai suna Mary Price ta rubuta maƙala tana gargaɗin cewa darasin yana cikin haɗari, watau idan ba a tashi tsaye ba zai ɓace daga jadawalin makarantu.

Dalilin gundurar ba ɓoyayye ba ne. Malami ya shiga aji, ya yi ta shifta, yara suna rubutawa: Sarki Wiliyam ya ci Ingila da yaƙi a 1066, an sa wa Sarki John hannu a kan babbar yarjejeniya a 1215, Sarki Henry na Takwas ya auri mata shida. Ranar jarrabawa yaro ya amayo abin da ya haɗiya, bayan mako guda kuma ya manta.

Maganin da aka samo ya fito ne daga Jami'ar Leeds, inda a 1972 aka kafa wani shiri na gyaran koyar da tarihi ga yara 'yan shekara 13 zuwa 16, a ƙarƙashin jagorancin David Sylvester. Shawarar da suka yanke ita ce a daina miƙa wa yaro labari dafaffe. A ba shi shaidu, a sa shi a kujerar alƙali, ya saurari kowane ɓangare, sannan ya yanke hukunci ya kuma faɗi hujjarsa.

Darasin farko ma ba na sarki ba ne. Labari ne ƙagagge na wani saurayi, Mark Pullen, wanda aka tsinta a gefen hanya ya rasu. Ana raba wa yara rahoton 'yan sanda da kwafin 'yan takardun da aka samu a aljihunsa, a ce su gano ko shi wane ne, ina ya fito, ina za shi. Nan take aji yake kaurewa da gardama. Kafin a kaɗa ƙararrawa yaro ya gane bambanci tsakanin abin da takarda ta tabbatar da abin da shi ya zata, ya kuma gane cewa akwai tambayar da shaidun da ke hannu ba za su taɓa amsawa ba.

Daga nan sai a shiga shari'ar gaske. A 1483 Sarki Edward na Biyar, yaro ɗan shekara 12, da ƙaninsa ɗan shekara 9, sun ɓace a cikin Hasumiyar Landan, bayan baffansu ya karɓe gadon sarauta ya zama Richard na Uku. Shin shi ya sa aka kashe su? Labarin da ya fi shahara na Thomas More ne, wanda ya ɗora laifin a kan Richard. To amma fa More ƙaramin yaro ne sa'ad da abin ya faru, kuma ya yi rubutunsa ne a zamanin gidan sarautar da ya kashe Richard a fagen yaƙin Bosworth a 1485. Yaron da aka nuna wa wannan da kansa zai tambaya, shin maroƙin sabon sarki yana yabon wanda aka tuɓe? Wani kuma ya ce masa, ai samun gaba tsakanin mai shaida da wanda ake tuhuma bai wanke wanda ake tuhumar ba. Wannan musu shi ne darasin. Abin sha'awa ma, ƙasa ba ta daina fito da shaida ba, domin a 2012 an tono ƙasusuwan Richard a ƙarƙashin wani filin ajiye motoci a birnin Leicester, aka tarar lalle kashin bayansa a karkace yake, amma ba ƙusumbin da maƙiyansa suka kwatanta ba.

Tarihin duniya kuwa sai suka bi da shi ta wata hanya mai hikima. Maimakon a bi dauloli ɗaya bayan ɗaya, sai a ɗauki abu guda a bi shi tun farkon zamani. Wanda ya fi karɓuwa shi ne tarihin magani: daga likitocin Masar da Girka, zuwa Ar-Razi da Ibnu Sina, zuwa annobar da ta shiga Ingila a 1348, zuwa likita John Snow da ya bi sawun kwalara har bakin wani famfon ruwa a Landan a 1854. Babu yaron da bai taɓa ciwo ba, saboda haka babu wanda zai ce abin bai shafe shi ba. Bugu da ƙari an wajabta wa kowane aji ya fita ya yi nazarin wani tsohon gini ko kufai da ke kusa da garinsu.

Sai dai ba kowa ne ya yi murna ba. Masu suka sun ce yara suna fita makaranta da iya musu amma ba su san wanda ya riga wani ba a cikin sarakunansu. Firayim Minista Margaret Thatcher ta matsa a ƙara yawan tarihin Birtaniya da sanin shekaru a cikin manhajar ƙasa da aka soma aiki da ita a 1991. A 2013 Ministan Ilmi Michael Gove ya fito da wani daftari mai dogon jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, malamai da manyan masana suka yi masa ca, har aka sassauta shi. A ganina masu sukar suna da rabin gaskiya, domin alƙalin da bai san garin ba, bai san mutanensa ba, ba zai iya auna shaida ba ko da an tara masa takardu buhu guda. Manhajar da aka soma a 2014 ta riƙe abin biyu, ta kuma sa makarantun firamare su zaɓi ɗaya daga cikin Bagadaza ta wajen shekarar 900, ko daular Binin, ko mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya.

Mu a Nijeriya abin da Ingila ta ji tsoro shi ya same mu, domin an cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun daga 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin maido shi. Tun da an maido, tambayar ita ce yadda za a koyar. Kayan shari'a kuwa ba sai mun aro ba, kuma wani sashe nasu tarihin Birtaniya ne. Lugga ya kafa hujjar yaƙin 1903 a kan wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai cewa babu kome tsakaninsu sai yaƙi. Wani tsohon jami'in mulkin Turawa, D. J. M. Muffett, ya nemi asalin wasiƙar na Larabci bai samu ba, ya kuma bayyana shakkarsa a cikin littafinsa na 1964. Malamin da ya ajiye fassarar Lugga a gefe guda, da hujjojin Muffett a ɗaya gefen, ya rubuta a allo cewa Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, Sakkwato ran 15 ga Maris, Burmi ran 27 ga Yuli, ya ce wa yara su yanke, ba zai sami mai gyangyaɗi a ajinsa ba a wannan rana.