Masu Tantance Awon Gajimaren Ƙanƙara

Can sama, wajen kilomita 83 daga ƙasa, akwai wani gajimare na ƙanƙara da ba ya kawo ruwa. Yakan fito a kusurwar arewa da ta kudu ta duniya lokacin zafinsu, domin a lokacin ne wannan sararin ke yin sanyi mafi tsanani, har ƙasa da digiri 120 a ƙarƙashin sifili. An fara ba da labarin ganinsa a 1885, shekara biyu bayan aman dutsen Krakatoa.

A Afrilun 2007 hukumar NASA ta harba tauraron ɗan'adam AIM domin nazarinsa, ƙarƙashin jagorancin James Russell na Jami'ar Hampton. Na'urori biyu ne suka ɗauki nauyin aikin. CIPS kyamarori huɗu ce masu leƙa gajimaren daga sama. SOFIE kuwa rana take kallo ta gefen sararin lokacin fitowarta da faɗuwarta, tana auna yadda ƙanƙara ke rage haskenta.

To, lissafinsu ba ya zuwa ɗaya. Nan ne sana'ar masu tantancewa ta fara. Kamar mai awo da aka ba shi mudu biyu, sai ya gano wanne ke cika, wanne ke ragewa, kuma da nawa. Sukan nemi lokacin da na'urorin biyu suka kalli iska guda cikin 'yan mintuna. Amma SOFIE tana ratsa ɗaruruwan kilomita a kwance, CIPS tana ganin ƙananan gurabe daga sama, don haka sai an tattara hotunan CIPS a jera su a kan hanyar da SOFIE ta bi kafin a gwada. Gajimare mara kauri yakan kuɓuce wa CIPS, SOFIE kuma ta kama shi. Daga ƙasa ma ana harba hasken lesa a tashar ALOMAR da ke Andøya a Norway, a samu shaida ta uku.

Aiki ne na haƙuri, kuma a ganina shi ke riƙe da fannin. Batirin AIM ya mutu a Maris 2023. Duk da haka, tambayar ko gajimaren na ƙaruwa saboda iskar methane ta dogara ga haɗa awon AIM da na wasu na'urori da ake kira SBUV, waɗanda suka fara aiki tun 1978.