Bayan Shan-inna, Saura Asibitin Unguwa

Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ake jira, domin har a 2016 an samu yaran da cutar ta kama a Borno. An sha wuya kafin a kai nan. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin bisa zargin an gurɓata shi, sai a 2004 aka ci gaba. Lamarin ya juya ne da sarakuna da malamai suka sa baki, ga kuma matan nan masu shiga gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, su ɗiga wa yaro a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a bangon zaure.

Amma iyaye mata sun sha yi musu wata tambaya, kuma ina ganin suna da gaskiya: me ya sa ɗigo ke zuwa har ƙofar ɗaki kyauta, alhali in zazzaɓi ya rufe yaro da dare sai a tarar da kwaɗo a ƙofar asibitin unguwa?

Mashaƙo ya tona wannan asiri. Tun ƙarshen 2022 ya ɓarke, ya fi yin ɓarna a Kano, kuma akasarin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa jariri a mako na 6, da na 10, da na 14. Wannan kuwa sai da asibiti a buɗe, da firjin da wuta ba ta yanke masa, da ma'aikaciyar da aka biya albashinta. Haka zancen yake ga zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke ɗauke da kimanin rubu'in masu fama da shi a duniya.

Matsalar ba ta rashin doka ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga lafiya a matakin farko. A Abuja, a 2001, aka yi alkawarin bai wa lafiya kashi 15 na kasafi, tarayya kuwa ba ta taɓa kusantarsa ba. Ƙananan asibitocin nan a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, don haka gwamna da ciyaman ne ya kamata a fara tambaya nawa ya isa kowace mazaɓa, kuma ungozoma nawa ke kwana a bakin aiki.