Shagon Kwano Da Soron Ƙasa: Wanne Ya Fi Riba?

Duk wanda ya shiga kasuwar Azare ko ta Jama'are da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da a ke nufi da zafi. A wannan lokaci awon zafi ya kan wuce 40. Sai ka tarar da mai shago ya bar shagonsa ya koma gindin bishiya yana fifita, ko kuwa ya ta da janareto don fanka ta juya. In ya fita, ciniki ya wuce shi. In ya ta da inji, fetur ya cinye ribar. To, ashe ginin da mutum ya ke sana'a a cikinsa yana iya ƙara masa arziki, yana kuma iya rage masa. Abin da za mu duba ke nan.

Bari mu fara da yadda mutanen dā su ke gini. A shekarar 1824 wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya sauka garin Katagum, ya tarar da shi kewaye da ganuwa, gidajen manya kuwa na ƙasa ne masu soro. Da aka mai da hedkwatar ƙasar Katagum Azare a 1916, da irin wannan gini aka ci gaba. Magini ya kan haƙo ƙasa kusa da gari, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya a rana. Ba a ƙone itace ko ɗaya wajen yinsa. Sa'an nan a jera tubalin, a yi bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. A rufe da azara, watau gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika cinta ba, a zuba ƙasa a bisa, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Me ya sa irin wannan ɗaki ya ke da sanyi? Dalili shi ne kaurin ƙasa. Zafin rana ba ya ratsa bango mai kauri farat ɗaya, sai a hankali. Kafin ya kai ciki, rana ta faɗi. Da dare kuma bangon ya saki zafin da ya tara, gari na wayewa ya huce. Shi ya sa soro ya ke da sanyi da rana, ya ke kuma da ɗumi a lokacin hunturu. Kwano kuwa falle ɗaya ne siriri. Da rana ta buge shi, nan take ya zubo da zafin a kan wanda ke ƙarƙashinsa.

Amma abin da ya fi ban sha'awa shi ne yadda sana'o'in gari su ke taimakon juna. Ruwan sama shi ne babban abokin gāban ginin ƙasa, saboda haka tilas a yi masa yaɓe. Akwai makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa bayan an cire garin da 'ya'yan da a ke daddawa da su. Akwai kuma laso, wanda ya fi ta ƙarfi. Da me a ke yin laso? Da katsi, watau dagwalon da marina su ke kwashewa daga gindin karofi, da gashin jima wanda majema su ke kankarewa daga fatar akuya, da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Ku duba fa: abin da marini ya yar, da abin da majemi ya zubar, shi ne magini ya ke nema. Sharar wannan ita ce kayan aikin wancan. A yau manyan kamfanonin duniya suna kashe kuɗi mai yawa don su koyi wannan dabara, alhali kuwa kakanninmu sun daɗe suna yinta ba tare da sun ba ta suna ba.

Wanda ya ke shakkar ƙarkon ginin ƙasa, ya je Kafin Madaki a nan Jihar Bauchi ya ga Gidan Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860. Shi ne kuma ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya.

To, in haka ne, me ya sa aka guje shi? Kada mu zargi 'yan kasuwa, domin suna da hujja. Na farko, soro yana son gyara kowace shekara kafin damuna, ɗan kasuwa kuwa ba ya son ɓata lokaci. Na biyu, ƙasarmu ta kwari ce, ga Kogin Jama'are yana ambaliya. A damunar 2024 ruwa ya yanke har babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙasar Katagum, balle bangon ƙasa da ruwa ya kwanta a gindinsa. Na uku, azara ta yi wuya. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, an yi ta sara ba a shukawa, kuma kowane muruci da muka ci, giginya ce wadda ba za ta tsaya ba. Na huɗu, siminti ya zo kusa, tun da masana'antar Ashaka ta fara aiki a 1979. Sai bulo da kwano suka zama alamar ci gaba.

Amma su ma suna da nasu bashi. Ba a samun siminti sai an gasa dutsen farar ƙasa da wuta mai tsananin zafi, har masana sun ƙiyasta wajen kashi 7 ko 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da mutane su ke saki, wanda ke ɗumama duniya, daga yin siminti ya ke fitowa. Ga kuma bashin da mai shago ya ke biya kullum, watau kuɗin sanyaya ɗakin da aka gina shi da zafi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bashi ya ƙara nauyi ƙwarai.

Shin sai an zaɓi ɗaya ne a bar ɗaya? A'a. Akwai waɗanda suka haɗa su, abin kuma ya yi kyau. A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, wani mai zanen gini, Francis Kéré, ya gama wata makaranta a 2001. Bangonta na ƙasa ne, amma ya ɗaga kwanon sama, ya bar fili tsakaninsa da rufin ɗaki don iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi, ya kuma tsawaita bakin kwanon don ya tsare bango daga ruwa. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ita ce babbar lambar girma ta masu zanen gini. A ƙasar Hausa ma an yi. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara ta tsara kasuwa a 2018, aka gina rumfunanta da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aka yi musu laima da ƙarfen da aka sake amfani da shi, aka kuma bar tsohuwar bishiyar wurin a tsakiya ba a sare ta ba.

Ba wajen gini kaɗai wannan hikima ta tsaya ba. Wani malami daga Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, sai kayan miya su daɗe ba su ruɓe ba. Ya sami lambar Rolex a shekarar 2000 saboda wannan. Ga mai sayar da tumatir da tattasai, wannan firiji ne wanda ba ya shan fetur.

Saboda haka wanda zai gina shago, ko ya gyara wanda ya ke ciki, ga abin da ya kamata ya lura da shi. Ya sa dutse da siminti a harsashi har ya ɗara inda ruwa ya ke kaiwa, domin nan ne siminti ya ke da amfani, sa'an nan ya ɗora bangon ƙasa mai kauri. Ya ɗaga kwano, ya sa masa sili, ya bar kafar iska a sama, in da hali ya shafa masa farin fenti, domin fari yana mai da hasken rana baya. Ya buɗe taga biyu masu fuskantar juna. Ya shuka dogon yaro ta yamma, inda ranar la'asar ta ke dukan bango. Bayan duk wannan ne zai sayi faifan sola, domin ɗakin da ya riga ya yi sanyi, faifai kaɗan ya ishe shi, amma ɗakin da ya zama tanderu, ko an rufe kansa da faifai ba zai wadatar ba.

Saura abu guda, shi ne giginya. Hausawa na yi mata kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta. Wannan gaskiya ce ta wata fuska kuma, domin wanda ya binne ƙwallonta bana, mai yiwuwa ne jikansa ne zai rufa soro da azararta. Azarar da ke cikin tsofaffin zaurukan garuruwanmu, daga giginyun da wasu suka bari suka girma ta fito. In kowannenmu ya binne ƙwallo biyar a gefen gonarsu a hutun nan, ya kuma zauna da wani tsohon magini ya rubuta yadda a ke haɗa laso tun yana raye, to, mun fara biyan abin da muka ci.