Cin abinci da abokai a gidan abincin Indiya: Abin da ɗan Yola ke ganewa a faranti

Ma'aikacin tarayya da aiki ya kai shi Yola ba ya daɗewa bai ci karo da Indiya ba. Keke Napep ɗin da ke kai-komo tsakanin kasuwar Jimeta da cikin garin Yola galibinsu ƙirar Bajaj ne ko TVS. A shagunan tura finafinai, matasa na neman na Indiya da aka fassara da Hausa. Da azumi, samosa na zama kusa da ƙosai a faifan buɗa-baki kamar tare aka halicce su. Dattawan da suka yi sakandare a tsohuwar Jihar Gongola kuwa har yau suna tuna malaman lissafi da kimiyya Indiyawa da suka koyar da su a shekarun 1970 da 1980.

Duk da wannan sabo, zama a gidan abincin Indiya wani abu ne daban. Yawancin 'yan Adamawa da ke aiki a Abuja a can suke fara gwada shi, a wurare irin Wakkis da ke titin Aminu Kano a Wuse II, inda abokai kan haɗu bayan tashi daga ofis. Mai zuwan farko yakan shiga da ɗari-ɗari, domin sunayen da ke takardar jerin abinci ba su yi kama da abin da kunne ya saba ji ba. Da zarar kwanoni sun sauka, ɗari-ɗarin yakan kau.

Tsarin cin ma irin na gida ne. Ba kowa da farantinsa ba: miya uku ko huɗu ake jerawa a tsakiya, da shinkafa da gurasa, kowa ya miƙa hannun dama ya ɗiba. Shi ya sa abincin ya fi daɗi a cikin jama'a, domin mutum biyar za su ɗanɗani kala biyar da kuɗin da kowannensu zai kashe a kan kala ɗaya. Naman shanu ba kasafai ake samunsa ba, saboda matsayin saniya a wurin mabiya addinin Hindu. Kaza da rago da kifi ne suka fi yawa, sai girkin ganye da wake ga marasa cin nama. Mai kula da addininsa yakan tambayi yadda aka yi yanka, kuma ba a ɗaukar tambayar a matsayin rashin ladabi. Indiya na da Musulmi sama da miliyan 170 bisa ƙidayar 2011, kuma biryani da kebab sun bunƙasa ne a fadojin sarakunan Musulmi na Delhi da Lucknow da Hyderabad.

Inda abokai kan ɗan yi shiru shi ne lokacin lissafi. A al'adar Yola, wanda ya yi gayya shi ke biya, kuma abin kunya ne baƙo ya sa hannu a aljihu. Amma takardar kuɗin irin waɗannan wurare tana zuwa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, sau da yawa har da ladan hidima, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Saboda haka ma'aikata da dama sun koma karo-karo, ko kuma a riƙa karɓa-karɓa daga wata zuwa wata, don kada zumunci ya zama nauyi a wuyan mutum ɗaya.

Dangantakar da ke cikin kwano

Gurasar naan a jikin tukunyar ƙasa mai zafi ake manna ta, wadda Indiyawa ke kira tandoor. Ita ce tanderun da matan Kano ke gasa gurasa a ciki, kuma sunayen biyu tushensu ɗaya. Dosa ta kudancin Indiya ƙullun shinkafa ne da aka bari ya kwana ya yi tsami, kamar sinasir. Ghee man shanu ne da aka soya. Lassi kindirmo ne da aka dama da ruwa da sukari ko gishiri. Citta da kanumfari da kirfa da hulba da kurkum da ke cikin masala duk ana auna su a rumfunan 'yan yaji na kasuwar Jimeta.

Wannan kamanceceniya tana da tarihi. Masu binciken kayan tarihi sun nuna cewa gero da dawa da wake daga Afirka suka tsallaka teku zuwa Indiya kimanin shekaru 4,000 da suka wuce, kuma har yau manoman Rajasthan da Maharashtra na yin gurasa da su. Tsamiya ma 'yar Afirka ce, ko da yake Larabawa sun raɗa mata suna dabinon Indiya. A ɗaya ɓangaren, shanu masu tozo a kwarin kogin Indus aka fara kiwonsu, daga baya suka shigo Afirka ta gabas. Gudali da Bunaji da Rahaji da ake kai wa kasuwannin Ngurore da Mubi suna ɗauke da wannan jini.

Darasin da ke cikin cuku

Kwanon da ya fi jan hankalin Bafulatani shi ne palak paneer, wato cukun madara a cikin miyar alayyahu. Ga mutumin da ya tashi a garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda kosam yake abin alfahari, abin tambaya shi ne yadda madara ta wadata a Indiya har take shiga kusan kowane girki.

A da ba haka abin yake ba. Indiya ta yi fama da ƙarancin madara har zuwa shekarun 1960. Sauyin ya faro ne daga garin Anand a Jihar Gujarat, inda ƙananan makiyaya suka kafa ƙungiyar gama-kai a 1946, wadda ta zama Amul. Tsarin mai sauƙi ne: safe da yamma mai saniya ɗaya ko biyu zai kai madararsa cibiyar ƙauye, a auna maiƙonta, a biya shi, a sanyaya ta, mota ta kwashe zuwa masana'antar da makiyayan ne suka mallake ta. A 1970 aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙasa baki ɗaya ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta wuce Amurka, kuma yanzu tana samar da sama da tan miliyan 230 a shekara, na shanu da na ɓauna, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na madarar duniya.

A Najeriya kuwa, jami'an gwamnati sun sha ambaton cewa ana kashe kimanin dala biliyan 1.5 duk shekara wajen shigo da madara. Mai shayi a Jimeta da garin madarar waje yake haɗa shayinsa, alhali rugage na kewaye da shi. Da damina nono kan yi yawa har ya lalace a ƙwarya don rashin wurin sanyaya shi, da rani kuma ya yi wuya.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, daga baya aka danƙa ta a hannun Idi Mukhtar Maiha, ɗan Jihar Adamawa. A watan Nuwamban shekarar Firaminista Narendra Modi ya ziyarci Abuja. Ma'aikatan da ke rubuta takardun manufofi da kasafi su ne za su tantance ko wannan ƙawance zai kai ruga. Abin da Anand ta nuna shi ne aikin daga ƙasa yake farawa: cibiyar karɓar madara kusa da makiyayi, wutar da za ta sanyaya ta, hanyar da mota za ta bi da damina, da biyan kuɗi a kan lokaci. A al'adar Fulani nono na mata ne, da shi suke sayen gishiri da sabulu da littafin yara. Duk tsarin da za a kawo Adamawa, sai kuɗin ya faɗa hannunsu kafin a ce ya yi nasara.